Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Gona Da Na Muhalli A Kano Da Jigawa Kan Ruwan Ƙarshen Bazara

Assalamu alaikum.

Masu girma Kwamishinoni, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto muku malaman gona ne da ma'aikatan auna ruwa a kwarin kogin Haɗeja. Mun zaɓi wannan lokaci ne da gangan, lokacin da shamuwa ta dawo, gawo ya fara zubar da ganye, hadarin farko kuma yake sauke ruwa mai ƙarfi a wasu garuruwa yana tsallake wasu. Manoma na cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Alama kam an gani. Buƙatarmu gare ku ita ce a faɗa wa jama'a, da Hausa kuma da lissafi, abin da makonni uku zuwa huɗu masu bin wannan ruwa suka saba kawowa, sannan a yi amfani da makonnin wajen aikin da ba zai yiwu ba in marka ta kankama.

Ruwan damina yana zuwar mana ne da iska mai danshi da ke tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Inda ta yi karo da busasshiyar iskar hamada akwai wani layi da masana yanayi ke bibiya kullum, kuma ruwan kirki yana sauka ne can kudu da layin, da tazara mai yawa. A watan Mayu layin nan bai zauna ba. Yau ya haura arewa da Kano, bayan kwana uku ya koma kudu. Idan ya haura, zafin ƙasa ya tayar da hadari daga gabas da guguwa da ƙura, sai a sami milimita 40 ko 50 cikin sa'a ɗaya. Idan ya koma, sai sama ta washe, a yi kwana goma ko sha biyar ba ɗigo. Binciken masana kan daminar Afirka ta Yamma ya nuna cewa babbar ɗamarar ruwan damina ba ta tsallakowa daga gaɓar teku zuwa ƙasashenmu sai wajen ƙarshen watan Yuni. Saboda haka abin da ya fi dacewa a sa rai da shi bayan ruwa mai ƙarfi na ƙarshen bazara shi ne ruwa jefi-jefi, da zafi mai tsanani a tsakani, da yiwuwar ya ɗauke ƙafa na kwanaki. Wannan ya fi tsanani a arewacin Jigawa, wajen Maigatari da Birniwa da Gumel, fiye da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Kano, inda damina kan riga sauka da makonni.

Akwai ma'aunin da ake gane saukar damina da shi, kuma daga maƙwabta ya fito. A 1988 wani masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke kusa da Yamai, Sivakumar, ya tsara shi haka: bayan 1 ga Mayu, a sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da ke biye kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana bakwai. Rabin farko na wannan sharaɗi manomi zai iya aunawa da kansa. Rabi na biyu kuwa yana gaba, babu mai hango masa shi sai hukumar hasashen yanayi. A nan ne aikinku yake.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran saukarta da ɗaukewarta a kowace ƙaramar hukuma, da wuraren da ake tsoron fari a tsakiya. Tana kuma fitar da hasashen kwana uku kullum, da rahoton yanayin noma duk kwana goma. Hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna tana fitar da nata hasashen ambaliya kafin damina, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ma tana haɗa masanan yankin Sahel su fitar da nasu. Bayanin yana nan. Inda yake maƙalewa shi ne tsakanin ofis da gona. A yi taro a babban birni, a raba littafi, a ɗauki hoto, amma mutumin Kaugama da ya wayi gari gonarsa ta jiƙe, yana riƙe da irin gyaɗar da ya sayar da akuya ya saya, ba shi da wanda zai ce masa shuka ko dakata.

Muna roƙon gidajen rediyon jihohin biyu su ware minti biyar kullum, bayan sallar asuba da bayan isha'i, daga yanzu har ƙarshen Yuli. Kada a tsaya a kan "za a sami ruwa a wasu sassan arewa", domin wannan ba ya amfanar kowa. A ambaci shiyya da sunayen ƙananan hukumomi, a faɗi ruwan da aka auna jiya da milimita, a faɗi abin da ake sa rai cikin kwana uku, a ƙare da shawara ɗaya. Kuma a koya wa masu karantawa ma'anar kaso. In an ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin ɗari ce, ana nufin cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, shida za a yi ruwa, huɗu ba za a yi ba. Idan ba a bayyana haka ba, ranar farko da ruwa ya ƙi zuwa mutane za su ce ƙarya ake yi, su daina saurare. Haka nan in an ce ruwan bana zai fi na kullum yawa, jimillar damina ake nufi, kuma shekara mai yawan ruwa tana iya farawa da farin kwana ashirin a watan Yuni.

Sai dai ba za a faɗi ruwan da aka auna ba sai an auna. Hadarin wannan lokaci ɗan tsako ne, yana iya cika kududdufi a wannan ƙauye, ƙauyen da ke kilomita goma ya kwana da ƙura. Ma'auni ɗaya a filin jirgin sama ba zai wakilci ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa ba. Abin da muke nema ma'auni ɗaya ne a kowace mazaɓa, a makarantar firamare ko asibitin sha-ka-tafi, a hannun mutum ɗaya sananne, ƙarƙashin kulawar hukumomin raya noma na jihohin biyu, KNARDA da JARDA. Ma'aunin roba mai rubutun milimita ba shi da tsada. Inda bai samu ba, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ya wadatar: zurfin ruwan da ya taru a ciki, in an auna da rula, shi ne yawan ruwan da ya sauka. Bokiti ba ya yi, domin bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai ba da lissafin da ya wuce gaskiya. A kafa shi a fili, bakinsa a daidaice, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a killace saboda awaki da yara. A karanta kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar, a aika da saƙon waya. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili. Wannan sifilin shi aka fi mantawa, alhali da shi ake ƙirga kwanakin fari.

Dalilin nacewarmu a kan milimita shi ne tana fassaruwa kai tsaye zuwa aikin gona. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, wato lita 10,000 a hekta. A busasshiyar jigawa, milimita ɗaya tana jiƙa kimanin santimita ɗaya na ƙasa, don haka milimita 20 da ta shiga ƙasa tana kai danshi zurfin santimita 20 ko kusa da haka. Amma fa wadda ta shiga. Ruwan da ya zuba da ƙarfi a kan ƙasar da ta yi wata bakwai tana shan rana yakan daddake samanta ya yi ɓawo, sauran ya gangare zuwa kwari ɗauke da takin da aka watsa. Milimita 50 ta sa'a ɗaya tana iya barin danshin da bai kai na milimita 25 da ta sauka a hankali cikin dare ba. Ga kuma rana. A watan Mayu zafi yana haura digiri 40, rana da iska suna iya shanye milimita 6 zuwa 8 a yini daga jiƙaƙƙiyar ƙasa, saman yashi kuwa da tsakar rana yakan wuce digiri 50, abin da ke ƙone tsiron gero tun yana ganye biyu. Shi ya sa shawarar da ya kamata malamin gona ya bayar ita ce a haƙa a gani. Washegarin ruwa a sa fartanya a wuri uku a gona, tudu da tsakiya da gangare. In danshi ya kai tsawon tafin hannu da yatsu, kuma ƙasar tana dunƙuluwa in an matse ta, akwai abin da zai riƙe tsiro mako guda. In a ƙasan yatsa huɗu an tarar da busasshen yashi, ruwan ya wuce ne ta sama.

Ba muna cewa manomin da ke rige-rigen shuka da ruwan farko bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Ruwan farko yana tayar da abincin shuka da ya kwanta a ƙasa tsawon rani, wanda ya shuka da wuri shi ke cin wannan moriya, kuma amfaninsa yana riga ciyawa tashi. Har binne ake yi saboda haka, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Abin da ya kamata a rarrabe wa mutane shi ne caca da wane iri. Gero kilo 3 zuwa 5 ya isa hekta, yana da juriya, in ya mutu a sake. Dawa kilo 8 zuwa 10. Masara kuwa kilo 20 zuwa 25 ce, kuma ingantaccen irinta da kuɗi ake saye. Gyaɗa ta fi kowa, hekta ɗaya tana cin kilo 80 zuwa sama, kuma in ta sha ɗan danshi ta kumbura sannan ƙasa ta bushe, ruɓewa take yi a rami. Saboda haka sanarwar ta fito fili: mai gero a jigawa da ya ga danshi ya kai, ya shuka, amma ya ajiye rabin irinsa don cike gurbi. Mai masara da gyaɗa da wake ya jira ruwa na biyu ko na uku, ya kuma saurari hasashen kwanakin da ke gaba. Wanda ya makara ko shukarsa ta farko ta mutu, a nuna masa iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT ko gyaɗar SAMNUT 24, waɗanda ke isa girbi cikin kimanin kwana 90. A kai su kasuwannin ƙauye yanzu. Irin da ya iso a tsakiyar Yuli ya zama abinci.

Kafin a zuba kowane iri a rami a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 100, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 80 iri ne mai kyau. In sun gaza, a ƙara yawan ƙwaya a rami ko a canza shi.

Takin zamani ma a yi magana a kansa, domin nan ne kuɗi ya fi salwanta. Yuriya da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa mai zafi tana bin iska, wadda aka watsa gab da ruwa mai ƙarfi a jigawa kuma tana nutsewa ƙasa da inda saiwar ƙaramin tsiro za ta kai. A jira shuka ta kafu, a haƙa ɗan rami gefenta, a zuba a rufe, a ƙasa mai danshi. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai dabarar da aka gwada a Nijar da Mali da Burkina Faso: giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane gindi, kimanin cikin murfin kwalbar lemo. A gona mai gindi 10,000 kilo 60 ke nan a hekta, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Kada ya taɓa ƙwayar irin, don in danshi ya yi kaɗan yana ƙone ta.

Yanzu ga masu girma Kwamishinonin Muhalli. Ruwan Mayu ba kasafai yake cika kogin Haɗeja ba, wannan sai Agusta da Satumba. Amma yana kashe mutane a cikin gari. A ranar 29 ga Mayu 2025, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ambaliya ta afka wa Mokwa a jihar Neja, ta share gidaje a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Damina ba ta ma yi nisa ba a lokacin, hanyar ruwa ce ta toshe. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 50 a kan murabba'in kilomita ɗaya lita miliyan 50 ce, kimanin tankar mai 1,500 masu cin lita 33,000. A unguwar da ta cika da kwano da siminti da kwalta, mafi yawan wannan ruwa ba shi da inda zai nutse. Da can kududdufai ne ke karɓarsa a birnin Kano, yau an cike da yawansu an yi gini, ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba.

Ruwan da ya sauka ya riga ya yi muku binciken da da sai an biya injiniya. Duk inda ya kwanta, ya bar shaida a jikin bango. A tura ma'aikata cikin mako guda, tare da masu unguwanni, su shafa fenti a inda ruwan ya tsaya, su rubuta kowane kwalbati da ya amayar. Sannan a fara yashewa daga ƙasa a hauro sama, wato daga inda magudana ke zubawa a Jakara ko Kwarin Gogau a nufo cikin unguwa. In aka fara daga sama, ruwan zai sami hanya ya je ya taru a kan waɗanda ke ƙasa. Kwalbatin da yashi ya cike rabinsa ba ya ɗaukar ko rabin ruwan da aka gina shi don shi. Kuma abin da aka kwaso daga lambatu a ɗauke shi da mota a ranar. An saba ganin matasa sun yi aikin gayya sun tara ƙasa da leda a bakin kwata, ruwan dare ya mayar da ita inda ta fito.

A karkara aikin ya fi wannan girma. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Ringim da Taura da Miga da Auyo, ya wuce Haɗeja zuwa Kirikasamma da Guri. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya daina yankewa da rani a yawancin rassan kogin, doguwar ciyawar ruwan nan, kachala, ta sami wurin zama, ta tare yashi, hanyoyin suka cushe. Ruwan da ya rasa hanya shi ne wanda ya malale cikin gonaki da gidaje a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Makonnin nan da kogi bai cika ba su ne na ƙarshe da injin haƙa da masu lauje za su iya shiga. A lura da yadda ake yanka ta: kachalar da aka sare a sama da ruwa ko aka ƙone tana sake tohowa daga saiwa cikin makonni. A yanke ta ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, a maimaita in ta sake leƙowa, a kwashe abin da aka yanka daga cikin kogi don kada ya je ya toshe gada.

Jinga kuma a bi ta da ƙafa, mita bayan mita. Ba ta cika karyewa ta sama ba, ta ramin ɓera da gidan gara da inda shanu ke sauka shan ruwa take fara yoyo. A tone wurin, a mayar da laka hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana daddakewa. Buhunan da za a raba wa garuruwan bakin kogi a raba su yanzu tare da bayani: a cika buhu rabi ko kashi biyu cikin uku, kada a cika shi taf, a jera kamar tubali kowane ɗaya ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, faɗin gindi ya ninka tsayi sau uku. Buhun da aka cika taf ba ya kwanciya, ruwa na bi ta tsakani.

Muna kuma roƙon ku nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa bayyana matakin ruwan Tiga da Challawa da na ma'aunin Wudil kowane mako, a karanta a rediyo tare da hasashen. Idan dam ya cika, ruwa yana tsallakewa ta mafitarsa ko an so ko ba a so ba, don haka yawan ruwan da ya shiga damina da shi yana nuna tun yanzu irin haɗarin da ke jiran mutanen da ke ƙasan kogi a Satumba. Ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya isa Haɗeja, kuma kwanakin sun isa a kwashe hatsi da dabbobi in labari ya riga ruwa isa. Mutanen Kano ba su manta ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma suna da ta dam ɗin Alau a Satumbar 2024. A duba jikin ƙananan madatsun jihohin biyu kafin su cika, musamman tsagewa da yoyo a gindin bango.

A saka gidaje da rijiyoyi cikin sanarwar. Ginin ƙasa daga gindi yake faɗuwa, inda ruwan indararo ke zuba yana kwanciya, saboda haka a yi yaɓe, a tsawaita indararo, a tara ƙasa a gindin bango ta gangara waje. Guguwar da ke gaban hadarin farko ita ke yaye kwano, a bi rufi a ƙara ƙusa a ɗaure katako da bango. Ruwan farko yana wanke ƙazantar rani gaba ɗaya zuwa rijiyar da ba ta da baki, daga nan amai da gudawa ke farawa. A ɗaga bakin rijiya ya kai ƙugu, a rufe, wadda ruwa ya riga ya shiga a kwashe ta a sa mata sinadarin kulorin kafin a sha.

Daga cikin abubuwan nan, shirin rediyo da ma'aunin mazaɓu da zagayen shafa fenti ba sa jiran sabon kasafi, umarni kawai suke jira, kuma za a iya fara su cikin wannan mako. Malaman gona da ke ƙarƙashinku sun san mazaɓunsu, in an ba su lambar waya ɗaya da za su riƙa aika lissafin safiya, da man babur, za su aika.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naku,
Wasu malaman gona da ma'aikatan auna ruwa a kwarin kogin Haɗeja